Indiya da mulkin firaminista: tambayoyi da amsoshi kan siyasarta tun daga 1947

Da yawa daga cikinmu Indiya ta fim muka sani, ko ta asibiti, ko ta adaidaita sahun da ya cika titunan Kano. Dattawan da suka yi sakandare a shekarun 1970 kuma ba su manta da malaman lissafi da kimiyya Indiyawa ba. Siyasar ƙasar kuwa sai lokacin zaɓe ake jin ta a rediyo, a ji sunayen jam'iyyu da alƙaluma masu ɗaure kai, a wuce. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Wane irin tsarin mulki Indiya take bi?

Tsarin firaminista ne irin na Birtaniya, sai dai babu sarki ko sarauniya a sama. Talaka ba ya zaɓen shugaban gwamnati da hannunsa, ɗan majalisar mazaɓarsa yake zaɓa. Majalisar wakilai, wadda suke kira Lok Sabha, tana da kujeru 543. Duk jam'iyya ko ƙawancen da ya tara 272 shi zai fitar da firaminista, shi kuma ya zaɓi ministocinsa daga cikin 'yan majalisa. Ranar da rinjayen ya kuɓuce masa, ranar kujerar ta kuɓuce. Majalisar dattawa, Rajya Sabha, tana da mutum 245. 'Yan majalisun jihohi ne ke zaɓen akasarinsu, shugaban ƙasa ya naɗa 12.

A kowace mazaɓa wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Shi ya sa a 2014 jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ta samu kashi 31 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa amma ta kwashi kujeru 282. Ita ma jam'iyyar Congress, wadda ta fara mulkin ƙasar bayan 'yanci, ko a lokacin da take ganiyarta, ba ta taɓa samun rabin ƙuri'un ƙasa ba.

Jihohi 28 ne, kowace da majalisarta. Kada sunan gwamna ya ruɗe ka: a can gwamna naɗaɗɗe ne daga Delhi, mai iko shi ne babban minista.

To mene ne aikin shugaban ƙasa?

Sa hannu, rantsar da gwamnati, da karɓar baƙi. 'Yan majalisun tarayya da na jihohi ke zaɓensa, kuma doka ta ɗaure shi da bin shawarar majalisar ministoci. Ana jin nauyinsa ne idan zaɓe ya ƙare babu mai rinjaye, domin shi ke zaɓar wanda za a fara kira ya gwada kafa gwamnati. Musulmi uku sun riƙe kujerar ta hanyar zaɓe: Zakir Husain, Fakhruddin Ali Ahmed da Abdul Kalam. A 2022 aka zaɓi Droupadi Murmu, ta farko daga ƙabilun daji da suke kira Adivasi.

Me ya sa aka raba ƙasar ranar da ta samu 'yanci?

Jam'iyyar Congress, wadda aka kafa a 1885, tana cewa ita ta kowa ce. Muslim League ta Muhammad Ali Jinnah kuma tana cewa a ƙasar da Hindu suka fi yawa nesa ba kusa ba, ƙuri'a za ta mayar da Musulmi 'yan kallo har abada. Turawa sun fito daga yaƙin duniya aljihu babu komai, suna gaggawar tafiya. Suka kawo wani lauya, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba, suka ba shi kimanin mako biyar ya ja layi a tsakiyar Punjab da Bengal. Pakistan ta samu 'yanci ranar 14 ga Agusta, 1947, Indiya washegari. Mutum kimanin miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya da cikin jiragen ƙasa. Wata biyar da rabi bayan nan, ranar 30 ga Janairu, 1948, wani Bahinde mai tsattsauran ra'ayi, Nathuram Godse, ya harbe Mahatma Gandhi saboda yana ganin ya yi wa Musulmi sassauci. Rigimar Indiya da Pakistan kan yankin Kashmir ma a wannan kakar aka haife ta.

Wa ya rubuta kundin tsarin mulkin?

Majalisar tsara kundin ta fara zama a Disamba 1946, ta amince da shi ranar 26 ga Nuwamba, 1949, ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950. Shugaban kwamitin rubutawa shi ne B. R. Ambedkar, kuma asalinsa ne abin lura. Al'ummar Hindu tana rarrabe mutane bisa gidan da aka haife su, kowane rukuni da sana'arsa da matsayinsa, a can ƙasa kuma akwai waɗanda ake ɗauka ko taɓa su ƙazanta ne, waɗanda yau ake kira Dalit. Ambedkar ɗaya ne daga cikinsu. Yana yaro a makaranta ba a barinsa ya taɓa randar ruwa, sai masinja ya tsiyayo masa daga sama. Ranar da masinja bai zo ba, ranar babu shan ruwa. Wannan yaron ne ya yi digirin digirgir a Amurka da Ingila, ya dawo ya rubuta sashe na 17 da ya haramta wannan wariya. Har yau an keɓe wa Dalit kujeru 84 a Lok Sabha, ƙabilun Adivasi 47, ban da kaso a makarantu da aikin gwamnati. Ambedkar kansa bai gamsu cewa doka kaɗai za ta wanke zukata ba: a 1956, makonni kafin mutuwarsa, ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa a Nagpur.

Yaya aka yi zaɓen farko alhali yawancin mutane ba su iya karatu ba?

Nan ne Indiya ta yi abin da masana da dama a Turai suka ce hauka ne. Ta ba kowane baligi ƙuri'a tashi ɗaya, mace da namiji, mai gona da ɗan ƙodago, a lokacin da masu iya karatu ba su kai ɗaya cikin biyar ba. An yi zaɓen daga Oktoba 1951 zuwa Fabrairu 1952, da masu rajista kimanin miliyan 173. Shugaban hukumar zaɓe, Sukumar Sen, ya ba kowace jam'iyya alama: Congress shanun huɗa biyu da karkiya, wasu fitila, wasu bukka, wasu giwa. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa a jiki, mai zaɓe ya shiga ya jefa takarda a wanda yake so. An ƙera akwatunan ƙarfe sama da miliyan biyu. Dattawan Arewa da suka ga zaɓen 1959, na fartanyar NPC da tauraron NEPU, sun san wannan salo.

Wata matsala ta taso da ba a zata ba. Mata da yawa a ƙauyuka sun ƙi faɗa wa baƙo sunansu na yanka, aka rubuta su da "matar wane" ko "uwar wane". Sen ya ce ba zai yarda ba, aka soke sunaye kusan miliyan uku, don a zaɓe na gaba kowace ta zo da sunanta. (Matan Arewacin Najeriya sai a 1979 suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe.) Congress ta Jawaharlal Nehru, firaminista na farko, ta ci kujeru 364 cikin 489. Aikin Sen ya burge duniya har aka gayyace shi ya jagoranci hukumar zaɓen Sudan na 1953.

Ina sarakunansu suka shiga?

Turawa sun bar masarautu sama da 560 waɗanda ba su ƙarƙashin mulkin kai tsaye. Ministan cikin gida Vallabhbhai Patel ya bi su da lallashi da barazana har suka sa hannu suka shiga Indiya, bisa alƙawarin za a bar musu fadoji da laƙabi da albashin shekara-shekara. Nizam na Hyderabad, sarki Musulmi mai mulkin talakawa akasari Hindu, ya turje, sai soja suka shiga a Satumba 1948. A 1971 Indira Gandhi ta soke albashin da laƙabin gaba ɗaya. Wasu jikokin sarakunan sun mayar da fadojin otal, wasu sun shiga takara kamar kowa.

Da harsuna barkatai haka, me ya hana ƙasar wargajewa?

A ganina, sassaucin da aka tilasta wa Nehru. Shi bai so a yanka jihohi bisa harshe ba, yana tsoron wata rabuwar. Sai wani dattijo, Potti Sriramulu, ya shiga yajin cin abinci yana neman jiha ga masu harshen Telugu, ya mutu a Disamba 1952 bayan kwana 58. Tarzoma ta ɓarke, Nehru ya sauko. A 1956 aka sake zana taswirar jihohi bisa harsuna. A 1965 kuma da aka so mayar da Hindi harshen gwamnati shi kaɗai, Tamilawa suka yi bore, har wasu suka cinna wa kansu wuta, dole aka bar Ingilishi ya ci gaba tare da Hindi. Shekara biyu bayan nan jam'iyyar DMK ta Tamilawa, wadda a da take neman ɓallewa, ta karɓe jiharsu, kuma tun daga ranar Congress ba ta sake mulkin Tamil Nadu ba. Masu neman ɓallewa sun zama masu neman kujera. Yau kundin ya amince da harsuna 22.

Shin Indira Gandhi 'yar Mahatma Gandhi ce?

A'a, ba su haɗa jini ba. 'Yar Nehru ce, sunan mijinta Feroze Gandhi ta ɗauka. Nehru ya yi mulki daga 1947 har ya rasu a Mayu 1964. Lal Bahadur Shastri ya gaje shi, ya rasu a Tashkent a Janairu 1966. Dattawan jam'iyya suka ɗora Indira suna zaton za su juya ta, ashe sun ɗauko ruwan dafa kansu: a 1969 ta raba jam'iyyar biyu ta tafi da babban kaso, ta mayar da manyan bankuna 14 hannun gwamnati, a 1971 ta ci zaɓe da taken kawar da talauci, ta kuma ci Pakistan da yaƙin da ya haifi Bangaladash. Ɗanta Rajiv ya gaje ta. Matarsa Sonia, haifaffiyar Italiya, da 'ya'yansu Rahul da Priyanka su ne fuskar Congress har yau.

An ce Indiya ta taɓa faɗawa mulkin kama-karya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, na wata 21, kuma ba soja ne suka yi ba. Wani ɗan adawa mai suna Raj Narain, wanda Indira ta kayar a mazaɓar Rae Bareli a 1971, ya kai ƙara. Ranar 12 ga Yuni, 1975, babbar kotun Allahabad ta soke zaɓenta, ta haramta mata takara na shekara shida, saboda ta yi amfani da ma'aikatan gwamnati wajen yaƙin neman zaɓe. Laifin bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da muka saba gani, amma hukunci hukunci ne. A waje kuma dattijo Jayaprakash Narayan yana tara dubban jama'a yana kiran ta sauka.

Daren 25 ga Yuni ta aika wa shugaban ƙasa Fakhruddin Ali Ahmed takardar dokar ta-ɓaci, ya sa hannu. A daren aka yanke wutar titin da gidajen jaridun Delhi suke don kada a buga komai, kafin asuba an kwashe shugabannin adawa daga gadajensu. Ministocinta sai da safe suka ji. Mutum sama da dubu ɗari aka tsare ba shari'a. Jaridar Indian Express ta fito da filin sharhinta fari fat, ba ko harafi. Ƙaramin ɗanta Sanjay, wanda ba ya riƙe da kowane muƙami, ya zama wuƙa da nama. Ya sa aka rushe unguwannin talakawa, ciki har da ta Musulmi a Turkman Gate, aka kuma ba malaman makaranta da ƙananan ma'aikata adadin mazan da kowa zai kawo a yi musu tiyatar hana haihuwa, wanda bai cika ba a riƙe albashinsa. Kimanin mutum miliyan 8 aka yi wa cikin shekara guda. A wasu ƙauyuka maza a gona suke kwana idan an hango motar gwamnati.

Duk wannan da sa hannun majalisa aka yi shi, domin tana da rinjaye. Raunin tsarin ke nan: firaministan da ya mallaki jam'iyyarsa ya mallaki majalisa, babu mai taka masa burki sai kotu da ƙuri'a, kotun ƙolin ma a lokacin ta sunkuyar da kai. A farkon 1977 Indira ta kira zaɓe tana zaton za ta ci. Talakawan arewacin ƙasar suka rama: Congress ba ta samu ko kujera ɗaya ba a jihohin Uttar Pradesh da Bihar, Raj Narain ɗin nan ya kayar da ita a mazaɓarta, Sanjay ma ya sha ƙasa. Ta kuwa miƙa mulki. Gamayyar Janata ta Morarji Desai ta hau, ta ɓata shekara biyu tana rigimar cikin gida, ta ruguje, a Janairu 1980 jama'a suka dawo da Indira.

Me ya sa soja ba su taɓa yin juyin mulki ba?

Tun da wuri aka rage musu tsawo. Nehru ya tare a gidan da babban kwamandan sojan Turawa yake zama, wato Teen Murti, a 1955 kuma aka soke muƙamin babban kwamanda, aka bar hafsoshi uku masu matsayi ɗaya a ƙarƙashin minista farar hula. An buɗe ɗaukar soja ga sassan ƙasa daban-daban, an kuma kafa manyan rundunonin 'yan sandan kwantar da tarzoma a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Sannan Congress ta girmi 'yancin da shekara 62, tana da rassa har ƙauye, ba a bar wa soja fili ba. Pakistan, wadda ta gaji soja iri ɗaya, ta ga juyin mulki a 1958, 1977 da 1999.

Abin dariya, hafsoshin Indiya ne suka taimaka wajen kafa makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna a 1964, kuma Babangida da Buhari duk sun yi kwas a Indiya. Da alama wannan darasin ba ya cikin manhaja.

Su ma suna sauya sheƙa?

Har karin magana suke da ita. A 1967 wani ɗan majalisar jihar Haryana, Gaya Lal, ya sauya jam'iyya sau uku cikin 'yan kwanaki, shi ya sa har yau suke cewa "Aaya Ram, Gaya Ram", wato Ram ya zo, Ram ya tafi. A 1985 aka yi doka: wanda ya bar jam'iyyarsa, ko ya saɓa wa umarninta a ƙuri'ar majalisa, ya rasa kujerarsa. Sai 'yan siyasa suka gano ƙofar baya, domin idan kashi biyu cikin uku suka tafi tare doka ba ta kama su. Yanzu abin da ake yi shi ne a kwashi 'yan majalisa a mota a kulle su a otal a wata jiha har a gama ciniki. Haka aka yi a Maharashtra a 2022, aka kai su Surat, daga nan Guwahati, gwamnati ta faɗi.

BJP ta yi ƙarfi ne dare ɗaya?

Ko kusa. Tushenta ƙungiyar RSS ce da aka kafa a 1925, mai aƙidar cewa Indiya ƙasar Hindu ce. An kafa BJP a 1980. A watan Yunin 1984 Indira ta tura soja cikin babban wurin ibadar Sikh a Amritsar don fatattakar 'yan bindiga. Ranar 31 ga Oktoba dogarawanta biyu 'yan Sikh suka harbe ta. Aka kashe Sikh kusan dubu uku a Delhi cikin kwana uku, da hannun wasu 'yan Congress. A zaɓen juyayi da ya biyo baya Rajiv ya kwashi kujeru sama da 400, BJP ta tsira da biyu.

Rajiv ne ya buɗe mata ƙofa da hannunsa. Kotun ƙoli ta ba wata tsohuwa Musulma, Shah Bano, haƙƙin ciyarwa daga mijin da ya sake ta. Malamai suka yi ca, sai Rajiv ya yi doka a 1986 ta warware hukuncin. A shekarar kuma aka buɗe wa Hindu ƙofar masallacin Babri da ke Ayodhya, wanda suke cewa an gina shi a inda aka haifi abin bautarsu Ram. Ya so ya faranta wa kowa, ya ɓata da kowa. A 1990 firaminista V. P. Singh ya keɓe kashi 27 cikin ɗari na aikin gwamnatin tarayya ga rukunonin da aka bari a baya, abin da zai raba kan Hindu gida-gida. BJP ta mayar da martani da abin da zai haɗa su: shugabanta L. K. Advani ya hau mota da aka yi wa ado kamar karusar tatsuniya, ya ratsa ƙasa yana kiran a gina haikali, har babban ministan Bihar, Lalu Prasad Yadav, ya kama shi a jiharsa. Ranar 6 ga Disamba, 1992, gungun mutane suka rushe masallacin da gatura da guduma, 'yan sanda suna kallo. Kimanin mutum dubu biyu suka mutu a rikicin da ya biyo baya. A 1996 BJP ta zama jam'iyya mafi yawan kujeru.

Yaya aka yi mulki lokacin da babu mai rinjaye?

Daga 1989 zuwa 2014 gwamnatocin gamin gambiza aka yi ta yi. Atal Bihari Vajpayee na BJP ya yi kwana 13 a 1996. Ya dawo a 1998, ya yi wata 13, Jayalalithaa, shugabar wata jam'iyyar Tamil Nadu da ke cikin ƙawancensa, ta janye goyon baya, ya faɗi da ƙuri'a ɗaya tak, 269 da 270. Sai a karo na uku ya zauna daram har 2004.

Ana yi wa wannan zamani kallon na rauni, ni kuwa ina ganin ba a yi masa adalci ba. A cikinsa ne, a 1991, bayan an kashe Rajiv a wajen yaƙin neman zaɓe, asusun ƙasa ya bushe har aka ɗora zinare a jirgi aka kai jingina Ingila, sai firaminista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka buɗe tattalin arziki. A cikinsa ne Mayawati, mace Dalit, ta mulki Uttar Pradesh sau huɗu, kotun ƙoli kuma a 1994 ta taƙaita ikon Delhi na rushe gwamnatocin jihohi. A 2004 Sonia ta ci zaɓe ta ƙi kujerar, ta miƙa wa Manmohan Singh, ɗan Sikh, wanda ya yi shekara goma, ya kawo dokar 'yancin neman bayanai da ta aikin kwana ɗari ga gidajen karkara. Badaƙalar cin hanci ce ta cinye wa'adinsa na biyu.

Wane ne Narendra Modi, kuma me ya canza?

Ɗan gidan talakawa ne daga Gujarat, ya tashi a hannun RSS, ya zama babban ministan jihar a 2001. A Fabrairu 2002 wuta ta kashe Hindu 59 a jirgin ƙasa a Godhra, aka shiga ramuwa, sama da mutum dubu suka mutu, akasari Musulmi. Amurka ta hana shi biza a 2005. Kwamitin binciken da kotun ƙoli ta kafa ya ce bai samu hujjar gurfanar da shi ba. Modi ya zama firaminista a 2014 da BJP ta ci kujeru 282, a 2019 kuma ta ci 303.

Da wannan rinjaye ya yi abubuwan da gwamnatin haɗaka ba za ta iya ba. Daren 8 ga Nuwamba, 2016, ya soke takardun rupi 500 da 1,000, kashi 86 cikin ɗari na kuɗin da ke hannun jama'a, da sanarwar awa huɗu. Wanda ya bi layin banki a Najeriya a farkon 2023 ba ya buƙatar bayani. A Agusta 2019 ya soke matsayin musamman na Kashmir. Magoya bayansa suna nuna tituna, bandakuna, tukwanen gas da tallafin da ke shiga asusun talaka kai tsaye. 'Yan adawa suna nuna 'yan jaridar da aka tsare, hukumomin bincike da ke bin abokan hamayya, da 'yan majalisa 146 da aka dakatar a zama ɗaya a Disamba 2023. Manoman Punjab da Haryana dai sun tanƙwara shi: shekara guda suka yi zaune a bakin Delhi har ya janye dokokin noma a 2021.

A 2024 ya shiga zaɓe yana cika bakin ƙawancensa zai haura 400. BJP ta tsaya a 240, dole ta jingina da jam'iyyun jihohi na Chandrababu Naidu da Nitish Kumar. Har mazaɓar da Ayodhya take ciki, inda ya buɗe haikalin Ram a Janairun shekarar, ta kuɓuce mata, wani ɗan Dalit na jam'iyyar Samajwadi ya ci.

Ina matsayin Musulmi a wannan siyasa?

Ƙidayar 2011 ta nuna su kashi 14 cikin ɗari ne, mutum miliyan 172. Amma a majalisar 2024 su 24 ne cikin 543, kuma a ministocin da aka rantsar a shekarar babu Musulmi ko ɗaya. A warwatse suke, mazaɓun da suka fi yawa kaɗan ne, jam'iyyu kuma suna tsoron tsayar da su. Koma-bayan ya girmi Modi, domin kwamitin Sachar na 2006 ya nuna an bar su a baya a ilimi da aikin gwamnati tun zamanin Congress. Abin da ya ƙaru shi ne fargaba: kisan mutane bisa zargin yanka saniya, rushe gidajen waɗanda ake tuhuma da katafila kafin shari'a, da dokar zama ɗan ƙasa ta 2019 wadda ta sauƙaƙa wa 'yan gudun hijirar addinai shida daga maƙwabta ta tsallake Musulmi.

Da gaske 'yan fim suna cin zaɓe?

Sosai. Amitabh Bachchan ya ci kujerar Allahabad a 1984, ya ajiye bayan shekara uku. Dharmendra da Govinda sun shiga majalisa a 2004, Hema Malini ta ci Mathura tun 2014. Amma a kudu ne abin ya kai maƙura: M. G. Ramachandran ya mulki Tamil Nadu shekara goma, N. T. Rama Rao kuma ya kafa jam'iyya a 1982, kafin shekara ta zagayo ya zama babban ministan Andhra Pradesh.

Yaya ake zaɓen mutum kusan biliyan ɗaya?

Kashi-kashi. A 2024 masu rajista sun kai miliyan 968, aka yi zaɓen a zagaye bakwai daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni, jami'an tsaro suna tashi daga wannan jiha zuwa waccan, aka ƙirga duka rana ɗaya. Tun 2004 da na'ura ake zaɓe, ƙaramar akwati mai batir wadda ba ta haɗe da intanet. Ƙa'idar hukumar ita ce kada rumfa ta yi wa mai zaɓe nisan fiye da kilomita biyu, shi ya sa ake kai rumfa cikin dajin Gir saboda mutum ɗaya, mai kula da wani wurin bauta.

Najeriya ta koma wannan tsari mana, tunda ya yi wa Indiya aiki?

Wasu 'yan majalisar wakilai sun kawo ƙudirin haka a 2024. Mun taɓa yin sa, Tafawa Ɓalewa yana firaminista, Azikiwe yana shugaban ƙasa, har zuwa 15 ga Janairu, 1966, a 1979 kuma aka ɗauko na Amurka. Amma a Jamhuriya ta Farko kowace babbar jam'iyya ta yanki guda ce, yankunan kuma ƙalilan ne, ɗaya ya rinjayi sauran a kujeru. A Indiya jiha mafi girma, Uttar Pradesh, kujeru 80 take da su cikin 543, ba ta isa ta yi mulki ita kaɗai ba. Pakistan da Bangaladash ma tsarin firaminista suke bi, bai hana su ganin tankokin yaƙi a titi ba. Masu cewa ya fi arha kuma su tambayi ɗan takara a Indiya nawa ya kashe.

Wace rigima ce ke tafe?

Rabon kujeru. Har yanzu da ƙidayar 1971 ake amfani, domin an dakatar da sabon rabo don kada a hukunta jihohin da suka rage haihuwa, aka kuma ɗage maganar har sai ƙidayar farko bayan 2026. A tsakanin nan jihohin arewa masu jin Hindi, inda BJP ta fi ƙarfi, sun cika sun batse, na kudu kuwa irin Tamil Nadu mai kujeru 39 da Kerala mai 20 sun rage haihuwa, sun yi arziki, suna zuba haraji mai yawa a asusun tarayya. Idan aka raba da yawan jama'a, kudu za ta ga kasonta ya ragu. Dokar 2023 da ta keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujeru ma an ɗaure ta da wannan rabo. Sabon ginin majalisa da Modi ya buɗe a Mayu 2023 an sa wa zauren Lok Sabha ɗinsa kujeru 888, alhali 'yan majalisar 543 ne.